Gangar Da Muka Kai Bakura

Aikina ɗibar ƙasa ne. Ina aiki a wani ɗakin gwaji a Zariya, akan tura ni gonaki in haƙo ƙasa, in ƙulla a leda, in rubuta lamba, in koma da ita a auna a ga abin da ta rasa. A wata bazara aka tura ni Talata Mafara na kwana shida. An tsara zan yi kwana biyu a fadamun shinkafa na Mafara da Garbadu, kwana ɗaya a Bakura, sauran kuma a ƙasar Maradun, wajen Faru da Dosara.

Wanda aka haɗa ni da shi wani malamin gona ne, dattijo siriri mai furfura a gemu, saura 'yan watanni ya ajiye aiki. Yana da tsohon babur da ya ɗaure kujerarsa da roba, a kansa muka yi duk yawonmu. Tun ranar farko ya raɗa mini Injiniya. Na ce masa ni ba injiniya ba ne, ya ce duk wanda ya zo da ƙarfe yana huda gonar mutane injiniya ne a wurinsu. Ni kuma ina ce masa Malam, kamar yadda kowa ke ce masa.

Kwana uku na farko sun tafi daidai. Ran na huɗu da safe muna wurin mai shayi aka kira shi a waya. Ya saurara, bai ce komai ba sai "to" da "Allah shi kyauta", sannan ya mayar da wayar aljihu ya ci gaba da shan shayinsa. Sai da ya shanye ya ce mini, "Injiniya, yau ba mu zuwa Faru. Hanya ba ta da kyau."

Ban tambaye shi abin da ya sami hanyar ba, na san ba ramuka yake nufi ba. Na kira ofis, aka ce in dakata kwana biyu in gani, in abin bai lafa ba in dawo da abin da na samu.

Na koma masauki na kwanta. Babu wuta, ɗakin ya ɗauki zafi tun kafin hantsi ya ɗaga, na rasa inda zan sa kaina. Ina nan sai na ji ƙarar baburinsa a tsakar gida. Ya leƙo ya ce in taso ya gwada mini garin. Na ce to ko madatsar ruwa za mu je, don kowa ya ji zan zo nan sai ya ce kada in dawo ban gan ta ba.

Ya ce, "Kowa can aka kai shi. Ni ban zuwa sai dole. Gidan da anka haihe ni yana ƙarƙashin ruwan nan, da kushewar kakana. Hau mu tahi, akwai abin gani cikin gari."

Ya fara kai ni bayan wata rumfar mai faci. Can cikin ciyayi da tsofaffin tayoyi akwai wani ƙaton sikeli na ƙarfe, rabinsa ya nutse a ƙasa. Ya ce a kansa ake awon auduga lokacin yana yaro, jakuna su yi layi har bakin titi, shi da abokansa su riƙa tsintar wadda ta zube. Ya taka ya hau, allurar ba ta motsa ba, ya ce ka ga ko nauyi ba shi da shi yanzu. Muka yi dariya har da mai facin. Daga nan muka bi wani lungu zuwa tsohuwar marina. Ramukan sun fi in ƙirga a tsaye, amma duk an cike su da shara, guda ɗaya tak ke da ruwan baba a ciki. Mai shi ya tafi jana'iza, ya rufe shi da murfin kwando ya ɗora dutse. Malam ya ɗaga ya ce in sansana. Warin ya bi ni har azahar.

Na ɗauka yawon ya ƙare ke nan, sai ya ce saura wuri ɗaya. Muka tsaya a ƙofar wani zaure na ƙasa mai faɗi, ya yi sallama, wata murya ta amsa daga ciki.

Sai da idona ya saba da duhun zauren na ga abin da ke ciki. Ganguna ne rataye a bango ko'ina, daga kusa da ƙasa har zuwa azara. Akwai kalangai da kotso da 'yan ƙanana da ban san sunansu ba, amma mafi yawa manyan gangunan noma ne, waɗansu fatarsu ta tsage, waɗansu sai kango kawai. A tsakiya wani tsoho na zaune a kan buzu yana kankare fatar akuya da 'yar wuƙa. Shi ne mai gyaran ganguna na duk yankin, sana'ar da ya gada.

Gaisuwarsu da Malam ta ɗauki lokaci. An tambayi kwana, an tambayi gajiya, an tambayi zafi, da iyali, da masu jiki, da labarin daji, aka sake komowa kan kwana. Sannan tsohon ya juyo gare ni ya yi mini tawa, ya ce baƙo daga ina. Da ya ji Zariya ya ce ya taɓa rufe wa wani Bazazzage kalangu, mutumin kirki.

Na ce, "Baba, duk waɗannan na sayarwa ne?"

Ya ce, "Ko guda. Ajiya ta. Wasu an kawo gyara ba a dawo ba, wasu kuwa da gangan anka kawo su, ranar da gari yat tashi. Mutum ya ɗauko ɗiya da tukunya, ina zai kai ganga? Sai shi biyo nan shi ce in riƙa mai kwana biyu."

Ya riƙa nuna su da wuƙar hannunsa ɗaya bayan ɗaya, yana faɗar ƙauyen da kowace ta fito. Bai rubuta komai a jikinsu ba, duk a kansa suke. Wasu ƙauyukan na gan su a takardar aikina, cikin wuraren da ya kamata in je ɗibar ƙasa. Ya ce gara ce babbar damuwarsa, kowace Juma'a sai ya sauke su ya kakkaɓe ya mayar, ga shi ƙarfi ya fara ƙarewa, 'ya'yansa kuma duk acaɓa suke yi.

Malam kuwa ya koma gefe. Yana tsaye gaban wata babbar ganga da ke kusa da ƙofa, fatarta sabuwa fes, ya ɗora tafin hannu a kanta. Da muka fito muka zauna a dakalin ƙofar, ya ba ni labarinta.

Ya ce lokacin da aka fara ɗaukarsa aiki, yana saurayi, an tura shi wani ƙauye gaba da Dosara ya koya wa manoma yadda ake sa takin zamani da tazarar shuka. Babu wanda ya saurare shi. In ya tara mutane sai su zauna don kunya, yana gamawa su watse. Makaɗin noman ƙauyen ne ya ji tausayinsa, ya kira shi ya ce ya faɗa masa abin da yake son a sani. Ranar gayya sai ga maganar taki da tazara cikin waƙa, samari na huɗa suna amsawa. Tun daga nan suka ƙulla abota, in ya je ƙauyen a gidansa yake sauka, matarsa ta dama masa fura. Shekara biyu da suka wuce makaɗin ya kawo gangar a sake mata fata kafin damina. Bai dawo ɗauka ba, don kafin ruwa ya sauka 'yan bindiga sun shiga ƙauyen, wanda ya tsira ya tsira da rigar jikinsa. Yanzu yana Bakura a gidan mijin 'yarsa.

Malam ya ce, "Na daɗe ina son in kai mai ita, ban samu mai riƙa min a baya ba. Kowa na ce ma sai shi ce mi za a yi da ganga yanzu. Kai ko gobe ba ka da aiki."

Na ce zan riƙe.

Washegari bayan mun karya muka koma zauren. Tsohon ya sauko da ita da kansa, ya goge ta da tsumma, ya ɗaura icen kiɗan a jikin igiyarta, ya sa ta cikin buhu. Na hau bayan babur na rungume ta. Ba ta da nauyi sosai amma tana da girma, ba na ganin gabana sai gefe. A hanya muka wuce fadamun da na ɗebi ƙasa shekaranjiya, shinkafar rani ta yi kore shar, mata na tsugune a bakin kwata suna wanki. A wani shinge jami'an tsaro suka tsayar da mu suka ce a kwance buhu. Da suka ga abin da ke ciki ɗayansu ya ɗan buga da yatsa, ya tambaya ko biki za mu. Malam ya ce a'a, ziyara.

Gidan yana can gefen garin, inda aka yi ta kafa ɗakunan zana da leda a bayan gidajen mutane. Mun tarar da makaɗin a inuwar wata bishiyar darbejiya yana tufkar igiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya fi Malam tsufa, ido ɗaya ya yi fari. Da ya gane wanda ya zo ya yi ƙoƙarin miƙewa, Malam ya riga shi durƙusawa. Suka riƙe hannun juna suna gaisawa, ba wanda ya saki. 'Yarsa ta aiko da tabarma da ruwa a kwanon sha.

Ni ina gefe da buhu a gabana, ban san lokacin da ya kamata in miƙa ba. Sai da aka gama tambayar mutane, wane yana Gusau, wane yana Sakkwato, wane ba a ji ɗuriyarsa ba har yau, sannan Malam ya ce, "Mun taho maka da ajiyarka."

Na zare buhun. Tsohon ya daɗe yana kallonta bai taɓa ba. Can ya jawo ta, ya shafa fatar, ya ja igiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana gwada ƙarfinsu.

Ya ce, "Ya yi aiki mai kyau. Hwatar ta hi wadda nis sani." Ya ɗago ya dubi Malam. "To wa zan kaɗa ma?"

Malam ya ce ko don baƙo, ya zo daga nesa bai taɓa jin gangar noman ƙasar nan ba. Na ji kunya da aka sa ni a ciki, amma gaskiya ina son in ji. Har na laluba wayata zan ɗauka, sai na ga bai dace ba, na bar ta a aljihu.

Ya rataya ta a kafaɗa yana zaune, ya kwance icen. Bugun farko na ji shi a ƙirjina. Ban san ganga na da murya haka ba, mai kauri, kamar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa. Malam ya matso kusa da kunnena yana yi mini bayani. Ya ce kowane magidanci a ƙauyen yana da takensa, in aka kaɗa ko yana ƙarshen gona ya san da shi ake, sai ya ɗaga galma ya amsa. Tsohon ba ya waƙa, kiɗan kawai yake, yana bin gidajen ƙauyen daga gabas kamar yadda suke a jere. In ya canja, Malam ya ce mini wannan na sarkin noma ne, ya rasu a hanya. Wannan na wani mai jan bijimi ne, yana nan da rai, dako yake a kasuwar Mafara. Wannan na wasu 'yan'uwa biyu ne da ake haɗa musu take ɗaya. Mutane suka fara fitowa daga ɗakunan zana suna tsayawa nesa kaɗan.

Yana cikin wani take mai sauri sai muka ji kuka daga bayan zanar da ke kusa da mu. Kukan mace ne, ba mai ƙarfi ba, irin wanda aka yi ƙoƙarin dannewa ya ƙi. Tsohon ya tsaya cak, ya dafe fatar da tafin hannu.

Ya ce a hankali, "Na manta tana nan. Wallahi na manta."

Malam ya gaya mini daga baya cewa taken mijinta ne. A gona aka tafi da shi tun kafin ƙauyen ya tashi, ba a ga gawa ba, ba a kuma sake jin muryarsa ba. Ita da 'ya'yanta huɗu ne a ɗakin.

Tsohon ya fara zare igiyar daga kafaɗarsa. Ni kuwa na ji kamar ni na jawo, tunda ni na rungumo gangar tun daga Mafara, kuma da sunana aka roƙe shi. Ina duban ƙasa sai na ji motsi. Matar ce ta zo bakin zanar ta tsaya daga ciki, ba a ganin komai nata sai gefen hijabi da yatsun da ta riƙe karan da su.

Ta ce, "Baba, ina wuni."

Ya ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Ki gahurta min."

Ta ce, "Ba komi, Baba. Ida shi. Ba ka kai ƙarshe ba."

Ya dubi Malam, Malam ya kau da kai. Ya mayar da igiyar, ya ɗauko taken daga farko. Wannan karon bai yi sauri ba. Ya kai shi har inda ake tsayawa a jira mai shi ya amsa, ya bar wurin a buɗe ɗan lokaci, sannan ya rufe da bugu biyu. Matar ta ce, "Allah shi saka da alheri," yatsun suka saki karan, muka ji takunta ta koma ciki.

Bai ƙara kaɗa na kowa ba. Ya jingine gangar a jikin bishiyar, ya ɗauki igiyar da yake tufka ya riƙe kawai. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, muka ci kaɗan don kada a ce mun ƙi. Da aka kira azahar muka yi salla tare a wani ɗan fili da aka kewaye da duwatsu. Da za mu tafi Malam ya tambaye shi ko mu mayar da ita, tunda wurin ba shi da faɗi. Ya ce a bar ta, zai sami inda zai rataye.

Ya rako mu har bakin hanya duk da Malam ya hana shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Injiniya, ka sha ɗawainiya. Da can kaz zo, da ka ga noma. Yanzu sai dai labari." Na ce Allah ya mayar da su gida lafiya. Ya ce amin, amma ba da ƙarfi ba.

A hanyar dawowa hannuna babu komai, ina ganin gabana sosai. Malam ya ja babur har muka shigo Mafara. Da ya sauke ni a masauki ya ce, "Ban sani ba ko daidai munka yi." Na ce ni ma ban sani ba. Hanyar Faru ba ta buɗe ba, kwana biyu bayan nan na shiga mota na koma Zariya.

Mun ci gaba da gaisawa da Malam a waya, yawanci ranar Juma'a. Ya ajiye aiki, ya sayi awaki yana kiwo a bayan gida. Na tambaye shi makaɗin sau biyu ko uku. Ya ce yana nan, bai sake kaɗawa ba, amma an ce kullum da safe sai ya fito da gangar ya goge ta ya mayar. Matar nan kuma wani yayanta ya zo ya tafi da ita da yaran.

Cikin damina ta biyu ya kira ni ranar da ba Juma'a ba. Bayan mun gaisa ya ce makaɗin ya rasu, zazzaɓi ne na kwana uku. Na yi masa ta'aziyya kamar ɗan'uwansa ne, don ban san wa zan yi wa ba in ba shi ba.

Ya ce mutanen ƙauyen sun zo jana'iza daga ko'ina, wasu daga Gusau, wasu daga Mafara, har da wanda ya taho daga Sakkwato a bayan motar kaya. Tun ranar da suka watse ba su taɓa haɗuwa wuri ɗaya haka ba. Bayan an dawo daga maƙabarta suka zauna ƙarƙashin bishiyar nan suna tambayar juna inda kowa yake, da wanda ya haihu, da wanda ya rasu ba a ji ba. Wani ya kawo maganar ko za a gwada komawa baɗi, aka ɗan tattauna, ba a tsayar da komai ba. Ana yin la'asar kowa ya miƙe yana neman mota, don ba mai son yamma ta yi masa a hanya.